Ƙarfen Hannun Tabawa

A gafarce ni tun kafin in fara. Ni ba kowa ba ce, karatu kawai na iya, shi ma sai na gama wanke-wanke nake laɓewa in yi. Wannan ne karo na farko da na yi ƙarfin halin rubuta labari, don lakwal, wato makaranta, a rufe take, malamai suna yajin aiki, zaman gida kuma ya ishe ni. Inda kuka ga na karkace, ku kau da kai. Labarin wata tsohuwa ne, ba nawa ba.

Tabawa ta kai hannu za ta ɗauki moɗa a bakin randa, sai ta ji an riƙe mata gefen zane.

"Inna, ba a sha," in ji ɗanta Idirisa. "Ko kurɓi guda. Sai an gama."

"Ruwan ma?"

"Ruwan ma."

Ta saki moɗar, ta dube shi tun daga hula har takalmi. Tun jiya da ya ɗauko ta daga ƙauyensu na bayan Jiratawa ya kawo ta gidansa a Maraɗi yake jero mata dokoki. Kar ta ci, kar ta sha, kar ta sa kwalli, kar ta shafa mai, ta yi wanka da wani sabulu mai warin magani da ya sayo a farmasi. Wai yau da hantsi za a cire ƙarin da ya fito mata a gefen wuya, kuma kafin la'asar ta dawo gida da ƙafarta. Wannan ma bai shige ta ba. Ita a saninta, wanda aka yanka a gidan likita sai ya kwanta har ƴan'uwa su gaji da kai fura. Ko yaron da wanzami ya yi wa kaciya ya fi haka samun jinya.

Duk wannan ta haɗiye, don ƙarin ya dame ta. Ya fara kamar gujiya, yanzu ya kai ƙwan zabo, ya hana ta ɗaukar kwandon albasa a ka, kuma likita ya ce in aka ƙara barinsa zai danne mata maƙogwaro. Doka ta ƙarshe ce ta tsaya mata a rai. Idirisa ya faɗe ta yana kallon bango: wai a cire duk wani ƙarfe da ke jiki.

Ƙarfe ɗaya ne a jikin Tabawa, kuma ya sani. Baƙar munduwa ce mai kaurin ɗan yatsa, a damtsenta na hagu. Tabawa cikin Anna take, masu bin iskokin kakanni, kuma maƙeri ne ya matse mata bakin ƙarfen ranar da ta gaji Doguwa, iskar gidansu, daga hannun gwaggonta. Ƙa'idarsa ba ta da yawa. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya zama a ƙwarya ko a aljihu. Daga jikin mai jinin gidan sai jikin wani mai jinin gidan. Ranar da aka bar shi ya yi sanyi, Doguwa ta juya wa gidan baya ke nan. Tabawa ta san abin da hakan ke nufi, don ƴaƴa mata ta yi ta binnewa kafin ta samu wannan guda ɗaya ya tsaya, ta sa masa Tanko.

Tanko ya shigo birni yana saurayi, ya musulunta, ya koma Idirisa, ya kama sayar da yadi a babbar kasuwa. Da farko ba ruwansa da al'amuranta. Amma tun da aka kawo dimokuraɗiyya kowa ya samu lasifika, sai ya tara gemu, ya ɗage wando, ya fara zuwa ƙauye da magana a baki. Ya roƙe ta ta jefa ƙarfen a gulbi. Ya taɓa mayar mata da cinyar akuya da ta aiko masa, don ya ji inda aka yanka ta. To yau kuma ga likita, wanda bai san ta ba bai san gidansu ba, shi ma ƙarfen yake so.

"Tanko," ta ce, "likitan nan, masallacinku guda?"

"Inna, likitan nan ko Hausa bai ji sosai."

"Kai ka gaya mai abin da zai ce ke nan."

Idirisa ya fita neman taksi.

A hanya suka tarar an tare titi. Ma'aikata ne suka fito da alluna, suna waƙar albashin da suke bi, ƴan kabu-kabu suna kutsawa tsakaninsu suna zagi. Direba ya bi lungu. Idirisa sai duba agogo yake.

"Gobe ma'aikatan jinya ma za su shiga yajin," ya ce. "In yau ta wuce mu, Allah kaɗai ya san ranar da za su buɗe."

Tabawa ta ajiye wannan ma a ranta: gaggawa. Mai son ya cuce ka ba ya barinka ka zauna ka yi tunani. Sai ta lura da wani abu kuma. Ana wannan zafi na bazara, har kujerar mota na ƙuna, amma ɗanta ya sa kaftani mai dogon hannu, har da maɓalli a wuyan hannu. Shi da kullum ƴar shara yake sawa in zai fita da safe. Ta ƙura wa aljihunsa ido. Wani abu ya yi tudu a ciki. Zarto ne, ta ce a ranta, ko wata ƴar wuƙar yankan ƙarfe. Da motar ta faɗa rami ta yi kamar ta gangaro kansa, ta dafa aljihun. Hankici ne da carbi.

Gidan likitan ƙarami ne, fentinsa ya kwaile, akwai dogon benci a baranda da famfo ɗaya a tsakar fili. Idirisa ya zaunar da ita kusa da wata mata mai ɗaure da yatsa, ya ce zai je ya dubo wani a bakin ƙofa. Tana ganin ya ba da baya ta matsa.

"Baiwar Allah, daga ina?"

"Tsibiri. Kaka sunana. Karkare ne ya ci mini yatsa, yau za su tsaga."

"Sun ce ki cire wani abu?"

Matar ta taɓa kunnuwanta, babu komai sai huda. "Ƴan kunne, da zobe, har da allurar maƙale ɗankwali. Suna can cikin durowar majo."

Tabawa ta so a ce ƙarya ce. Amma kuma, ta ce a ranta, ƴan kunne ai ado ne. Wa ya sani ko an karɓi na wannan ne don ita ta gani ta saki jiki?

Sai ga majo ta fito, babbar ma'aikaciyar jinya, doguwa mai farar riga, Fadila sunanta. Ta duƙa ta gaishe ta, ta taɓa ƙarin da yatsa biyu, ta tambaya ko ta ci wani abu.

"Yunwa dai na ci," in ji Tabawa. Ta kama hannun rigarta ta jawo ta kusa. "Ɗiyata, tsakaninki da Allahnki. Mi ɗana ya ba ki?"

"Ya ba ni?"

"Don ki ce a cire wanga." Ta ɗage mayafi ta nuna damtse.

Majo Fadila ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Inna, da ana ba mu wani abu a nan da kin gan ni da wannan takalmi? Saurara. Akwai wata na'ura da likita ke aiki da ita, da kuran take tafiya, wutar lantarki. Ita ke ƙone bakin jijiya don jini shi tsaya. In da ƙarfe a jikinki, nan wutar za ta bi, ki tashi da ƙuna. Ba ni na ƙirƙiro ba."

"Ba shi ya ce ki ce haka ba?"

"Ɗanki dai ya gundure ni da maganar ƙarfen nan. Ya zo, ya dawo, ya sake dawowa. Ki shirya, ke ce bayan mai yatsa."

Ta wuce. Tabawa ta bi ta da ido. Ya zo, ya dawo, ya sake dawowa, a kan maganar ƙarfe. To me kuma ya rage?

Abin da ya rage ya shigo ta ƙofa a bayan Idirisa, da buhun fata a kafaɗa, kan awartaki na leƙowa. Jibo ne, maƙerin ƙauyensu, ɗan wanda ya matse mata ƙarfen da hannunsa. Yana ganinta ya fara cire takalmi zai durƙusa.

"Har da kai, Jibo?" ta ce. "Ni da na yi maka goyo ranar da uwarka ta tahi biki?"

"Inna Tabawa, ni dai kirana aka yi."

Kafin Idirisa ya buɗe baki, wani mai farin gemu ya iso da sallama. Ilyasu ne, maƙwabcin rumfarsa a kasuwa, sahunsu ɗaya a masallaci, ya zo yi wa Inna fatan sauƙi. Ya gaishe ta da ladabi, ya dubi awartakin Jibo, ya dubi damtsenta, fuskarsa ta washe.

"Allahu Akbar! Malam Idirisa, ka ga ikon Allah? Abin da wa'azi ya kasa, ga ciwo ya yi sanadi. Yau Inna za ta rabu da wannan kaya. In an cire a ba ni, ni da kaina zan kai shi inda ya dace."

Idirisa ya sunkuyar da kai.

Tabawa ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta ɗaure bakin zane, ta ɗauki ƴar ƙunshinta. Ta nufi ƙofa. Ta san tashar motocin Jiratawa, in ma ba ta sani ba tana da baki. Ƙari ya yi ta girma in ya ga dama. Gara ya shaƙe ta da ƙarfenta a hannu.

"Inna!"

Ba ta juya ba. Ya sha gabanta daf da ƙofa, yana haki.

"Inna, in kin fita yau, ba wata rana. Ki zo nan baya, magana guda. In ba ta yi miki ba ni zan kai ki tasha." Ya ɗaga murya ya ce wa abokinsa, "Malam Ilyasu, zauna mana, Inna na son ta kewaya." Ya yi wa Jibo alama da ido.

Bayan ginin akwai wata bishiyar bedi, da ɗakin injin wuta a kulle, da tarin kwalaben magani. Babu kowa. Idirisa ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya ɓalle maɓallin hannunsa na hagu, ya naɗe rigar har gwiwar hannu, ya miƙa wa Jibo hannun.

"Buɗe nata, ka maida nan. Kar ka bari shi taɓa ƙasa."

Tabawa ta tsaya tana kallon hannun. Fari fat inda rana ba ta gani, da tabon ƙunar da ya samu a murhu yana rarrafe.

"Wa ya gaya maka haka ake yi?"

"Ina riƙe da zanenki ranar da aka cire shi a hannun Gwaggo. Na roƙi majo ta bar miki shi, ko a naɗe da auduga, ta ce ba hali. Masu walda sun cika garin ga, Inna. Kin ga na kira su?"

"Abokinka fa?"

"Abokina ya san Allah, bai san uwata ba." Ya ƙara miƙa hannun. "Ba don na yarda da shi ba ne. Ina neman gafarar Ubangiji tun jiya. Jibo, yi sauri."

Jibo ya kama bakin ƙarfen da awartaki biyu, ya tofa abin da zai tofa, ya ja a hankali har ya buɗe. Wurin da ya zauna shekara da shekaru ya bar zobe mai laushi a fatarta, iska ta taɓa shi ta ji tsigar jikinta ta tashi. Da ɗuminsa aka zura shi a tsintsiyar hannun Idirisa. Jibo ya matse. Idirisa ya runtse ido kamar an ɗora masa garwashi, ya sauke hannun riga, ya maƙale maɓalli.

Amma zuciyar da ta kwana tana zargi ba ta saukowa nan take. Tabawa ta dubi Jibo, ta dubi ɗanta. Da zarar an rufe ƙofa a kanta, wa zai hana a sake buɗewa? Ta fizge awartakin duka biyu ta cusa a ƙunshinta.

Da su ta shiga. Majo Fadila na cire mata mayafi suka faɗo a tebur da ƙara.

"Inna! An raba ki da ƙarfe guda, kin shigo mini da biyu?"

"Ajiye su inda kika ajiye ƴan kunnen ƴar Tsibiri. Ki kulle, in gani."

Majo ta kulle tana girgiza kai.

Aka kwantar da ita a wani siririn gado, aka juya mata fuska gefe, aka rufe ta da koren ƙyalle. Ta ji sukar allura, ta ji wuyan ya yi nauyi kamar ba nata ba. Idonta biyu. Tana jin fanka na juyawa a sama, tana jin ƙarar ƙananan ƙarafa a faranti, likita na magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Ta kai hannun dama ta dafe damtsenta inda babu komai, ta yi ta kiran sunayen matan gidansu da suka riƙe ƙarfen kafin ita.

Sai fankar ta yi ƙugi ta fara lafawa, ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Likita ya ja tsaki irin wanda ba ya bukatar tafinta.

"Sun ɗauke kuran," majo ta ce wa wani a bakin ƙofa. "Injin ma ba man gazuwal a ciki, kar ka wahal da kanka. Buɗe taga, kawo tocila. Da zare za mu ɗaure." Ta sunkuyo kusa da ƙyallen. "Kar ki motsa, Inna, ba komai. Kai, da mun sani ma da mun bar miki ƙarfenki."

Tabawa ba ta motsa ba. Amma ta kama maganar nan ta riƙe gam. Har aka gama ja da ɗinki, har aka nuna mata abin a cikin kwalba, fari-fari kamar kitsen rago, ita maganar take juyawa. Za ta faɗa masa a gaban Ilyasu, a gaban Jibo, a gaban ƴar Tsibiri. Wutar da aka tsorata ta da ita ko zuwa ba ta yi ba. Doguwa ba ta kwana, ita ta kashe musu fanka.

Aka kai ta wani ɗaki mai gadaje, aka ce ta kwanta har jiri ya sake ta, kar ta kuskura ta tashi. Can sai ta ji kiran sallar azahar daga masallacin bakin titi. Ta ɗaga kai a hankali ta leƙa ta taga. Ga Jibo a benci yana gyangyaɗi. Ga Ilyasu da wasu maza a bakin famfo, kowa ya naɗe hannun riga har gwiwa yana alwala. Idirisa ba ya cikinsu.

Ta tuna ta ga rumfar masu walda a tsallaken titi lokacin da suka sauka. Ba sai da awartakin Jibo ake buɗe ƙarfe a birni ba. Dama abin da ake jira ke nan, a ga ta kwanta.

Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar. Ɗakin ya juya, ta riƙe ƙarfen gado har ya tsaya. Ta dafa bango, hannu ɗaya a kan bandejin wuyanta, ta bi ta ƙofar baya ba takalmi. Ba ta san ma inda za ta fara nemansa ba. Ƙarar zubar ruwa ce ta tsayar da ita a kusurwar ginin.

Yana tsugune a gindin bedin nan, shi kaɗai, da wata tsohuwar buta. Ya naɗe hannun riga. Ƙarfen na nan, baƙi a kan farar fatarsa. Yana zuba ruwa, yana tura ƙarfen sama da ɗan yatsa don ruwan ya shiga ƙarƙashi, ya dawo da shi ƙasa, leɓunansa na motsi da istigfari ba tsayawa. Da ya gama ya miƙe, ya saurari tada iƙama daga masallacin da abokansa suke, bai nufi can ba. Ya shimfiɗa wani kwali a ƙasa. Ya tsaya a kansa, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya dakata. Ya dubi hannunsa, ya dubi ƙasar da zai dafa in ya yi sujada.

Ya zaro hankici daga aljihu. Ya tura ƙarfen sama iyakar inda zai tafi, ya naɗe shi ninki-ninki har babu inda baƙinsa ya fito, ya ɗaure da haƙori. Ya durƙusa ya dafa ƙasa don ya gwada. Bai taɓa ba. Sannan ya miƙe ya ta da salla.

Tabawa ta tsaya har ya kai goshi ƙasa. Maganar da ta ɗauko daga ɗakin aiki tana nan a bakinta. Ta haɗiye ta, duk da haɗiya na ja mata ɗinki. Ta juya, ta bi bango kamar yadda ta zo, tana taka ƙasa a hankali don kada kwalaben nan su yi ƙara. Ta hau gado, ta ja mayafi, ta rufe ido.

Ba a jima ba majo Fadila ta leƙo da kofin ruwa a hannu.

"Inna, ba ki dai motsa ba ko?"

"Ina zan je?" in ji Tabawa. Ta karɓi kofin, ta riƙe bai kai baki ba. "Ɗiyata, maganar wutar nan da aka ɗauke. Ba sai ɗana ya ji ba."

Ni ma bari in bi bangon nan in fice, tun ba a ɗago kai an gan ni ba.